Yadda Sufeto Ya Sa Layinsu a Taswira

Sufeto dai bai taɓa sa kaki ba. Gara a faɗi wannan tun da wuri, don in aka bari ya fara magana ba wanda zai ƙara samun wurin faɗa. Faci yake yi. Shekara goma sha ɗaya ya kwashe yana liƙe tayoyin motocin 'yan sanda a gindin katangar ofishinsu, har aka zo faɗaɗa titi aka tashe shi, ya dawo ƙarshen layinsu da famfonsa da bahon ruwansa da tulin tsofaffin tayoyi. Amma in ka ji yana cewa "lokacin da muke aiki", sai ka rantse shi ya kafa rundunar. Mai Aski ne ya laƙa masa Sufeto don tsokana, shi kuwa ya karɓe sunan hannu bibbiyu. Mutum ɗaya ce a duniya ba ta kiransa haka, wato matarsa, wadda ta san abin da ta aura.

Abin ya samo asali ne ranar da shugaban 'yan sandan yankin ya kira taron mazauna unguwanni. Ya kafa wata ƙatuwar taswirar birni a bango, an soke ta da fil kala-kala: ja na ƙwacen waya, baƙi na shiga gida, rawaya na faɗa. Ya ce ƙwacen waya ya ƙaru a bakin tasha da ƙarƙashin gada, fasa shago kuwa ya ragu, kuma yana son kowane layi ya riƙa sa ido. Sufeto ya kutsa gaba ya bi taswirar da yatsa har ya gano layinsu. Fes yake, ko fil ɗaya babu.

Ya ɗaga hannu ya tambaya ko an manta da su ne. Shugaban ya ce ba a manta ba, shekara uku ke nan ko takalmi ba a kawo ƙarar ya ɓace a layin ba, su ci gaba da abin da suke yi. Mutanen layi suka ji daɗi suka kama hanyar gida. Sufeto ne kaɗai ya dawo rai a ɓace.

A shagon Mai Aski ya fasa abin da ke cikinsa. Ya ce duk wanda ya yi aiki ya san shiru ba lafiya ba ne, shiru shiri ne. In ɓarayi suka bar layi shekara uku ba su taɓa ba, to wani babban abu suke haɗawa.

"To ko mu aika musu takarda mu ji dalili?" in ji Mai Aski.

"Kai ka san aski, ni na san ɓarawo. Ko ta baya na ga mutum, daga takunsa zan gaya maka abin da ya sata."

"Wanda ya ɗauke maka famfo a jikin katangar 'yan sanda fa, ta gaba ya zo?"

Sufeto ya ce wannan aro aka yi, kuma ba a kansa ake magana ba.

Yana isa gida ya yage kwalin firiji ya zana tasa taswirar. Fil kuwa bai sha wahalar nema ba, ya buɗe gwangwanin matarsa ya ɗiba. Ita tela ce, kuma gaskiyar da kowa ya sani a layin, sai shi, ita ce kekenta ke ciyar da gidan, don facin sai a wuni ba a liƙe taya biyu ba. Keken na mahaifiyarta ne, baƙi mai zanen zinariya, ta gaje shi ta riƙe shi kamar ɗa. A makon nan kuma wata makaranta ta ba ta yadi ta ɗinka wa ɗalibai arba'in riga da wando, a kai ranar Litinin. In ta cika alkawari aikin ya zama nata duk shekara, in ta saɓa a ba wani.

Ta ga fil ɗinta yana ƙaura zuwa kwali ɗaya bayan ɗaya. Duk labarin satar da ya ji a rediyo sai ya soka, har da wanda aka yi a wata ƙasa. Ta dube shi ta ce, "Baban yara, ka kwashi fil, ka kwashi kwali, ka kwashi hankalinka ka kai inda kake so. Keken nan dai kada ko inuwarka ta taɓa shi."

Ya ce Allah ya kiyaye, me zai yi da keken mata.

Matakin farko usur ne. Ya raba wa kowane shago da kowane gida, ya kuma tsara ma'ana: busa ɗaya baƙuwar fuska, biyu mai ƙwacen waya, uku a rufe ƙofofi, doguwar busa kuwa an gama, kowa ya fito ya tafa. Abin da ya manta shi ne akwai ɗan sanda mai ba da hannu a mahaɗar da ke bakin layin, wanda tun safe har yamma ba abin da yake yi sai busa usur. Ranar farko aka rufe layin sau goma sha bakwai. Mai Aski ya tsere ya bar mutum da rabin kai, mutumin ya bi shi da ƙyalle a wuya yana tambayar abin da ya faru. Mai kanti ya ja ƙofa ya kulle masu sayayya uku a ciki, su ma da ba su san dawan garin ba suka ɓuya bayan buhuna. Wata tsohuwa ta shiga ƙarƙashin gado tun busar farko, ta ce ba ta fitowa sai an kama ko wane ne.

Sufeto ya zaga layin yana murmushi, ya ce ko a runduna ba a samun irin wannan saurin.

Mataki na biyu shinge. Ya gitta benci a bakin layi ya ɗora Mai Wanki a kai, tun da dama a nan yake shanya. Ya koya masa alamomin ɓarawo guda huɗu: yawan waiwaye, ƙura a takalmi, ɓoye ido, da rashin gaisuwa. Mai Wanki mutum ne mai riƙe magana kamar an ɗinka masa ita a ka. Kafin azahar ya tsare mai duba mitar wuta saboda ƙurar takalmi, ya mayar da motar ruwa saboda direban yana yawan duba madubi, ya kuma hana mijin wata mata shiga gidansa don ya sa baƙin gilashi. Layin ya kwana biyu ba ruwa, kuma mai mitar ya tafi yana rantsuwar zai dawo da tsani.

Mutane suka fara gunaguni. Sufeto ya ga in bai yi wani babban abu ba, za su ƙwace masa usur. Sai ya wanke ƙafa ya tafi ofishin 'yan sanda, ya zauna a ƙofar shugaban tun safe yana gaishe shi duk fita duk shiga, har bawan Allah ya gaji ya yarda zai zo ranar Asabar ƙarfe sha ɗaya ya ga atisaye na minti goma.

Tsarin atisayen kuwa ga shi. Ɓarawon ƙarya zai shigo ya ɗauki kaya a wani gida, a bi shi da usur har ƙarshen layi, inda Sufeto zai fito daga maɓoya ya cafke shi a gaban shugaba. Sai dai ana buƙatar kaya mai nauyi, don kada ɓarawon ya yi gudun da Sufeto ba zai iya tarewa ba. Ya duba gidansa sama da ƙasa, idonsa ya tsaya a kan keken matarsa. Ya san abin da aka gaya masa, ya kuma san matarsa za ta kasuwa ranar Asabar da safe sayen maɓallai. Ya lissafa a ransa cewa minti goma ba taɓawa ba ne.

Ɓarawon kuma sai ya ɗauko ƙanin matar tasa, Dogo, wanda ke zaune can wani gefen birni, mutanen layi ba su san shi sosai ba. Dogo ya ce shi ya fi tsoron Yaya da 'yan sanda. Sufeto ya lallaɓa shi, ya ba shi yagaggiyar riga da baƙin gilashi, ya ce ya shafa ƙura a takalmi, ya riƙa waiwaye, kada kuma ya gai da kowa.

Ranar Juma'a ya tara layi a shagon Mai Aski ya ba da umarni. Ya ce ba zai faɗi ko wane ne ɓarawon ba, wannan sirrin aiki ne. Abin da za su sani kawai, duk wanda suka gani ɗauke da kan keken ɗinki ƙarfe sha ɗaya nasu ne. Kada wanda ya taɓa shi, kada wanda ya tare shi. In ma aka ga zai yi tuntuɓe a tallafe shi, don keken ba na wasa ba ne.

A kujerar aski kuwa akwai wani baƙo, mutum mai tsabta, farar riga a goge, takalmi yana ƙyalli. Ya saurara da natsuwa, ya ce shi kam ya zaga unguwanni bai taɓa jin tsari irin wannan ba. Sufeto ya ji kansa ya yi girma. Baƙon ya tambaya wane gida ne, aka nuna masa. Ya tambaya ko ƙofar za ta kasance a buɗe, aka ce a buɗe. Ya tambaya ko uwar gidan tana nan lokacin.

"Ai shi ne gwanintar," in ji Sufeto. "Ba ta nan, ba ta ma sani ba."

"Kuma da gaske ba mai taɓa shi, ranka ya daɗe?"

"Wanda ya taɓa shi, da ni yake."

Da baƙon ya fita bayan ya gai da kowa ɗaya bayan ɗaya, Sufeto ya nuna bayansa ya ce su duba takun mutumin kirki, ko waiwaye ɗaya babu.

Asabar ta zo. Matar ta ɗauki jaka ta tafi kasuwa. Sufeto ya kwance kan keken daga teburinsa, ya ajiye shi a tsakar ɗaki ya bar ƙofa a buɗe. Shugaban 'yan sanda ya iso da ƙaramin littafinsa, aka sa masa kujera a tsakiyar layi, ya zauna yana duba agogo. Sufeto ya tafi ƙarshen layi ya jera tayoyi biyar, ya sa aka ɗaga shi aka zura a ciki, aka rufe da kwali. Ya shiga da ƙyar, amma ya ce haka ake so, maɓoya mai kyau ba ta da sarari.

Abin da ya faru a bakin layi daga baya ya ji. Saura minti goma ƙarfe sha ɗaya ta cika, baƙon nan mai farar riga ya iso shinge. Ya gai da Mai Wanki, ya tambayi aiki da iyali, sannan ya sunkuya ya raɗa masa cewa shi ne na Sufeto. Mai Wanki ya duba alamomi huɗu bai ga ko ɗaya ba, ya ja benci ya ce a sauka lafiya.

Can sai ga Dogo yana tafe yana waiwaye, takalmi buɗu-buɗu, ido a ɓoye, ba sallama. Mai Wanki ya miƙe.

"Malam, ina zuwa?"

"Ni ne ɓarawon," in ji Dogo a hankali.

"An riga ka. Namu yana ciki. Kai kuwa tun da ka faɗa da bakinka, zauna nan."

Ya naɗe shi da jiƙaƙƙen zanen gado ya ɗaure a jikin benci, yana murna yau ya kama na gaske.

A cikin layi kuwa usur ya kaure. Baƙon ya fito daga gidan Sufeto rungume da keke, ya tsaya a ƙofa ya ce wa maƙwabciya don Allah ko za ta taimaka masa da gammo. Ta cire ɗankwalin da ke kafaɗarta ta naɗa masa, mai kanti ya zo ya ɗora masa keken a ka. Ya yi taku biyu, ya tuna da wani abu, ya roƙi a miƙo masa akwatin zare da almakashi don abin ya yi kama da gaske. Aka miƙo. Mai Aski ya gane shi ya ce ashe shi ne, shi ya sa jiya yake ta tambaya, lallai Sufeto ya iya zaɓe.

Bai yi gudu ba. Tafiya yake a natse, mutane suna biye da shi suna busa, wani yana gaba yana kawar da duwatsu. Da ya zo daidai kujerar shugaba ya rage tafiya ya gaishe shi. Shugaban ya amsa, ya duba agogo, ya rubuta wani abu.

Sufeto yana cikin taya, zufa ta jiƙe shi, ya leƙa ta tsakanin taya ta huɗu da ta biyar. Ya ga keke yana tahowa. Ya duba ƙasan keken yana neman yagaggiyar riga, sai ya ga fara a goge. Nan take ya gane ba Dogo ba ne.

Ya yunƙura zai fito, tumbi ya ce bai san zancen ba. Ya sake yunƙurawa, tayoyin suka tashi tare da shi suka koma. Usur na bakinsa, sai ya zuba masa duk iskar da ke ƙirjinsa, busa ɗaya doguwa har sai da numfashinsa ya ƙare. Layi kuwa ya san ma'anar doguwar busa. Aka saki usur aka kama tafi.

Ya ture kwalin da ka ya leƙo yana ihu, "Ku kama shi! Na gaske ne!"

Maƙwabciya ta ce kai, Baban yara ya iya wasa, dubi har jijiyar wuyansa ta tashi. Tafi ya ƙaru. Baƙon ya tsaya a gaban tayoyin ya ce masa sannu da aiki, ranka ya daɗe, sannan ya wuce bakin titi ya tsayar da babur. Mutum biyu suka taya shi ɗaure keken a baya, suka ja igiyar suka tabbatar ba zai faɗi ba.

Sufeto ya yi wani yunƙuri na ƙarshe. Tulin ya karkata, ya kife, ya kama gangara da shi a ciki, kai ta nan ƙafa ta can. Da ma layin gangare ne. Ya wuce shagon aski, ya wuce kanti, ya kwashe ƙafar kujerar shugaba, bai tsaya ba sai a cikin kwata. Kafin a zare shi da ruwan sabulun Mai Wanki, babur ya daɗe da narkewa cikin cunkoson titi.

Ana cikin haka sai ga matar ta shigo layi, jakar maɓallai a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da ƙaninta wanda har yanzu zanen gado ke wuyansa. Ta dubi mijinta yana ɗigar da ruwan kwata, ta dubi ƙofar gidanta a buɗe.

"Ina kekena?"

Sufeto ya ce ai a harkar bincike akwai abin da ake kira bin sawu, kuma yanzu haka an san fuskar mutumin, wanda wannan rabin aiki ne.

"Ban tambaye ka rabi ba. Keken mahaifiyata nake tambaya."

Karo na farko a rayuwarsa kunya ta kama shi irin wadda ba a wanke ta da sabulu.

Shugaban ya karkaɗe wandonsa ya buɗe littafi. Ya tambaya wa ya ga ɓarawon, layi gaba ɗaya ya ɗaga hannu. Ya tambaya wa ya yi ƙoƙarin tare shi, hannaye suka sauka. Da ya nemi kamanninsa sai aka ce mutum ne mai ladabi. Ya rubuta, ya ce wa matar za su baza nema har kasuwar tsofaffin kaya, amma ba zai yi mata alkawarin Litinin ba. Ya ƙara da cewa a shekara ashirin da ya yi yana aiki, wannan ce sata ta farko da aka gayyace shi ya kalla a kan kujera.

Matar ba ta yi kuka ba, ko da yake idonta ya kaɗa. Ta shiga gida ta fito da ɗaurin kayan makaranta da ba a gama ba, ta zube a kan tabarma a ƙofar gida. Ta ce riga goma sha tara da wando ashirin da biyu suka rage, kuma duk wanda ya tafa hannu ɗazu, hannun nan nasa yana da aiki. Ba wanda ya yi musu. Maƙwabciya mai gammo ce ta fara zama, sai mai kanti, sai Mai Aski, sai Mai Wanki, wanda Dogo ya ƙi zama kusa da shi.

Sannan ta ɗauko taswirar kwali ta jingina a bango. Ta riƙa zare fil ɗinta ɗaya bayan ɗaya tana kama kalmasar wanduna da su, tasha ta koma fes, gada ta koma fes, birni kaf ya zauna lafiya. Saura guda ɗaya baƙi. Sufeto, wanda ke zaune a gefen tabarma yana fama da zare ya ƙi shiga allura, ya ce a hankali ta manta ɗaya.

Ta ce ba ta manta ba. Ta zare shi ta miƙa masa, ta nuna masa daidai inda ya zana gidansu.

"Soka a nan, Sufeto," in ji ta. "Ai kai ka samo mana shi."

Ya soka. Ta mayar masa da allurarsa, ta tura masa wando na farko.